Ƙofa na buɗewa nan take, amma rikod sai ya ga dama yake zuwa

Auwalu CCTV:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan sana'a, dan Allah ina neman agaji kafin wani oga ya cinye mini ragowar kuɗina. Wata huɗu da suka wuce na saka kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa makullan ƙofofi, C3-400 ta ZKTeco a wani ofis mai hawa biyu a nan Kano, ƙofa huɗu, babbar ƙofa, ta sito, ta ofishin akanta da ta ɗakin da suke ajiye saba, wato babbar kwamfutarsu, duk da kati ake shiga. Ƙofofin lafiya lau, mutum na ɗora kati kafin ya sauke hannu ta buɗe, amma a kan kwamfutar sakatariya inda na saka manhajar ZKAccess 3.5 mai nuna wanda ya shiga, wani lokacin sunan mutum ba ya fitowa sai bayan minti ashirin, wani lokacin awa guda, wata rana ma shiru tun safe sai wajen la'asar kawai su zubo gaba ɗaya kamar an kwance bakin buhu. Wata rana kuma ras yake aiki babu ko ɗigon matsala, shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Na kashe na kunna, na cire manhajar na sake sakawa, na canza wayar netwok ɗin da ke bayan kwamfutar, duk a banza.

Ɗan Sabongari:
Wa alaikumussalam. Ka zo shago ka sayi sabuwa kawai, akwai su a ƙasa hhh

Auwalu CCTV:
Kai dan Allah bari wasa, mutumin nan ya riƙe mini kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki. Jiya ya kira ni gaban ma'aikatansa yana cewa shi abin da zai gaya masa wa ya shiga sito ya saya, ba abin da zai riƙa yi masa tatsuniya ba. Wlh kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nura Kebul:
Waya ce. Ni ko a mafarki ka tashe ni zan ce maka waya ce. Na tabbata ka yi amfani da irin kebul ɗin nan na aluminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ko kuma ka bi da shi ta bututu ɗaya da wayar wuta. In layin sadarwa na RS-485 ka ja to ka sani ba a yi masa reshe reshe kamar bishiya, daga wannan na'ura sai waccan sai ta gaba a jere, sannan a ƙarshen layin ka saka resista mai om 120, in ba haka ba saƙo yana dawowa yana karo da ɗan uwansa, kwamfuta ta yi ta tambaya ana ba ta amsar da ba ta gane ba. A takarda yana kai mita 1200 amma da wayar kirki ake nufi, ba wadda ake auna muku a bakin titi ba.

Auwalu CCTV:
Oga Nura ban yi amfani da 485 ba, ta netwok na haɗa ta, Cat6 daga kwantirola zuwa suwic, bai fi mita goma sha biyar ba. Ridojin nan masu karanta kati ne kawai ke kan Wiegand, layin da ke kai lambar kati ga kwantirola.

Nura Kebul:
To ridojin ne. Mita nawa ka ja?

Baba Injiniya:
Nura ka yi haƙuri in ɗan sa baki. Auwalu yarona, kafin ka taɓa sukurudireba ka fara raba matsalarka gida biyu, domin abu biyu ne mutane ke kira da suna ɗaya. Akwai rikod da ya zo a makare amma lokacin da ke jikinsa daidai ne, wato mutum ya shiga ƙarfe 9:05, sunansa bai fito ba sai ƙarfe 10, amma da ya fito an rubuta 9:05. Akwai kuma wanda ya zo da wuri amma agogonsa ƙarya yake yi. Na farko ciwon hanya ne, na biyu ciwon agogo ne, maganinsu ba ɗaya ba ne.

Sannan ka tuna yadda abin yake aiki. Kwamfuta ba ita ke buɗe ƙofa ba. Rida ta karanta kati ta aika lambarsa ta koriyar waya da farar waya zuwa kwantirola, kwantirola ta duba jerin katunan da ke cikin kanta, ta saki makulli, ta rubuta abin da ya faru a ƙwaƙwalwarta. Irin taka tana riƙe rikod har 100,000. Daga baya ne manhaja take zuwa ta ce ba ni sababbin da kika tara. To tunda ka ce ƙofa na buɗewa nan take, rida da wayarta sun fita daga zargi, da Wiegand ke da matsala da katin ne zai riƙa ƙin karantuwa ko ya karanto lambar da ba ita ba, ba wai ya buɗe ƙofa sannan ya tsaya shan shayi a hanya ba. Ciwonka yana tsakanin kwantirola da kwamfuta.

Nura Kebul:
Baba na ji, amma dai ni ban cire waya daga lissafi ba tukuna.

Auwalu CCTV:
Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiya ban taɓa raba su haka ba. Yanzu na duba hotunan allon da sakatariyar ta turo mini, ina ganin duka biyun ne suka haɗu mini. Ranar da aka nemi wani katan na tawadar firinta a sito aka rasa, rikod ya nuna katin mai kula da sito ƙarfe 5:58 na yamma, da muka koma kamara a 5:58 babu kowa a bakin ƙofar sai wata mage, shi kuma bai bayyana ba sai 6:07. Shi ne ogan ya ce to wanne zai yarda da shi, har ya fara zargin ko wani ne ya ɗauki katin ya shiga ta inda kamara ba ta gani, bawan Allah nan mai sito saura kaɗan ya yi kuka.

Hajiya Rabi IT:
Subhanallah, minti tara kacal za su sa a ɗora wa mutum sata. Auwalu wannan ɓangaren mai sauƙi ne, NVR ɗinka mai ajiye bidiyon kamara da kwantirola kowa da agogonsa, kuma irin waɗannan agogunan suna zamewa a hankali, 'yan daƙiƙu yau 'yan daƙiƙu gobe, wata huɗu sun isa su tara maka minti tara, musamman in tun ranar farko da hannu ka saita kowanne kana kallon wayarka. Ka sa kwamfutar ta riƙa karɓar lokaci daga intanet, NVR ma ka kunna masa NTP, wato karɓar lokaci ta intanet, ka rubuta pool.ntp.org, yana bi ta fot 123, sannan a cikin manhajar akwai wurin daidaita agogon kwantirola da na kwamfuta, ka danna shi. Ka duba yankin lokaci ya zama UTC+1, kuma ka kashe abin nan na canjin agogon bazara, mu ba ma yin sa a nan.

Musa Damagaram:
Gaskiya ne Hajiya. Mu ma nan Zinder UTC+1 ne kamar ku. Na taɓa saka na'urar dangwala yatsa a wata makaranta na manta ban canza ba tana kan agogon Sin, UTC+8, bambancin awa bakwai cif, malamai suna zuwa ƙarfe 8 na safe takarda tana nuna 3 na yamma, direkta ya ce duk makarantar babu mai zuwa aiki sai bayan azahar. Kuma in ka ga duk lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya yanke kwanan wata ya koma shekarar 2000 ko 1970 to ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki ne ya mutu.

Auwalu CCTV:
Hhh Allah sarki malamai. Nawa kwanan wata bai taɓa komawa baya ba Malam Musa, mintunan ne kawai. To na gane na agogo, saura babban, me ke riƙe rikod ɗin?

Hajiya Rabi IT:
Tambayoyi zan yi maka ka amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar tana yin barci in an bar ta? Sakatariyar tana rufe manhajar in za ta yi wani aiki? Wane irin rumbun bayanai ka zaɓa lokacin sakawa kuma girmansa nawa yanzu? Sannan wace lambar IP, wato adireshinta a netwok, ka ba kwantirolar?

Dalilin tambayar rumbu, in Access ne iyakarsa 2GB kuma tun kafin ya kai can yake fara jan ƙafa, in SQL Server Express ne ya fi haka. Na taɓa zuwa wani wuri da shekara biyar ba a taɓa rage tsofaffin rikod ba, kana danna rahoto sai ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba.

Auwalu CCTV:
Hajiya barci kam na kashe shi tun ranar farko, har wancan na katin netwok da Windows ke kashewa wai don tattalin wuta na cire masa alama. Manhajar tana buɗe kullum, na ja mata kunne sosai kuma tana ji. Rumbun Access ne amma duka duka bai kai 60MB ba, ma'aikatan ba su fi arba'in ba. IP kuma wanda ta zo da shi ne na bari, 192.168.1.201, tunda rautarsu ma a 192.168.1.1 take sai na ga ya zauna daidai ban taɓa shi ba.

Hajiya Rabi IT:
A rina.

Ɗan Sabongari:
Tunda Hajiya ta ce a rina to an kama ɓarawo, ku kawo igiya

Hajiya Rabi IT:
Ban ce an kama ba tukuna amma na ji ƙamshinsa. Auwalu rautar nan ita ke ba wa wayoyin ma'aikata wayfai ko? Ka shiga cikinta ka duba DHCP, wato wurin raba lambobin IP, daga lamba nawa zuwa nawa take rabawa. Da yawansu daga .2 har .254 suke rabawa, ka ga .201 tana cikin kayan rabo ke nan, ita rauta ba ta san ka ba wa wani wannan lambar da hannu ba. Duk ranar da ta miƙa wa wayar wani ko firinta .201 sai a samu gida biyu da lamba ɗaya a layi guda, kwamfuta ta ƙwanƙwasa tana neman kwantirola sai wayar masinja ta amsa, manhaja ta ga ba yarensu ɗaya ba ta ce na'ura ba ta kan layi, ita kuwa kwantirola tana can tana ta buɗe ƙofa tana tara rikod ba ta san ana yi ba. Da mai wayar ya fita cin abinci ko ya tashi daga aiki sai hanya ta buɗe su zubo gaba ɗaya, irin buhun da ka ce.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka jira sai lokacin da abin ya tsaya, kar ka je lokacin da yake lafiya. Ka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta ping 192.168.1.201 -t ka bar shi yana tafiya, sai ka je ka zare wayar netwok daga jikin kwantirola. In amsa ta ɗauke to ba wannan ba ne mu nemi wani. In kuwa ka zare waya amma ana ci gaba da amsa maka, to wa ke amsawa? Daga nan ka rubuta arp -a ka kwafi lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, da ke gaban .201 ka gwada da ta kwantirola.

Nura Kebul:
In ya zare waya aka ci gaba da amsawa ni zan saya wa Hajiya katin waya. Amma ina nan a kan bakana, kan RJ45 da aka matse da filaya maimakon abin matse shi yana yin irin wannan, ya kama ya saki.

Baba Injiniya:
Yana yi Nura, ba a musu. Sai dai kan waya mai kama-saki ba ya zaɓar lokaci, shi kuma nasa kamar akwai tsari a ciki. Auwalu ka tambayi sakatariya ko ta lura ranakun da abin ke faruwa suna da alaƙa da ɗauke wuta. Ina da dalilin tambaya.

Auwalu CCTV:
To Baba. Gobe da safe zan je in sha Allah, na gaya mata ta kira ni da zarar ya tsaya.

Admin:
Dan Allah masu turo tallan sola a tsakiyar magana ku dakata, akwai ranar talla. Na goge guda uku yanzu.

Auwalu CCTV:
Salam jama'a, ga rahoto. Ta kira ni wajen 11 saura, na hau babur na je na tarar manhaja ta nuna kwantirola da ja, mutane kuma suna ta shige da ficensu. Na yi ping yana amsawa lafiya lau, har na fara cewa a raina to Hajiya yau ba ta ci ba. Na hau kujera na buɗe akwatin na zare wayar da hannuna, na sauko na leƙa allo, wlh amsa na ta zuwa kamar ba abin da ya faru, ga waya a hannuna ina kallonta. Sai da tsigar jikina ta tashi. Na yi arp -a lambar da ta fito ba ta kwantirola ba ce, na shiga rauta na duba jerin waɗanda ke kai, ashe firintar ofishin akanta ce, irin mai wayfai ɗin nan, ita ke zaune a kan .201. Kuma rabon rautar daga .2 ne zuwa .254 kamar yadda kika faɗa. Na kashe firintar na mayar da waya, ko minti ɗaya ba a yi ba rikod 73 suka sauko.

Hajiya Rabi IT:
Alhamdulillah. Malam Nura MTN nake amfani da shi 😄

Nura Kebul:
Na faɗi ƙasa warwas. Amma tsaya, ni akwai abin da bai shige ni ba. Firinta ai kafin ta karɓi lamba tana leƙawa ta ji ko akwai mai ita, in kwantirola na kan layi a lokacin ya kamata ta ƙi karɓa. Ta yaya ta samu?

Baba Injiniya:
Yawwa, tambayar da nake jira ke nan, shi ya sa na ce a tambayi zancen wuta. Auwalu da ka buɗe akwatin ka auna batirin?

Auwalu CCTV:
Baba kamar kana wurin. Sakatariya ta ce ita dai ta lura abin ya fi faruwa ranar da aka ɗauke wuta da safe kafin a tada janareta. Sai na sa mita a kan batirin nan 12V 7Ah na cikin akwatin, yana nuna 12 da ɗan wani abu, amma da na kashe soket na bar shi shi kaɗai da makullan maganaɗisu huɗu a kansa, ko daƙiƙa goma bai yi ba ya faɗo ƙasa da 9, fitilun kwantirola suka mutu, ƙofofi duka suka saki. Batirin har ya ɗan kumbura ta gefe, kuma gaskiya ba sabo na saka ba, wani ne da na cire daga tsohuwar UPS na ce zai ɗan riƙe kafin a biya ni.

Baba Injiniya:
To ka ga yadda zaren ya haɗu. Rauta da firinta suna kan inbata, ba sa mutuwa. Akwatinka yana kan soket ɗin da ba ya kan inbata, batirinsa kuma gawa ne. An ɗauke wuta, kwantirola ta mutu, .201 ta zama gidan da ba kowa, akanta ya kunna firintarsa a daidai wannan lokacin ta leƙa ta ji shiru ta shige. An tada inji, kwantirola ta farfaɗo ta dawo gidanta ta tarar da baƙo, ita kuma ba ta san wata lamba ba sai wannan. Kuma rauta tana da ɗabi'ar mayar wa na'ura lambar da ta saba ba ta, shi ya sa abin ya yi ta maimaituwa.

Amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali ba rikod ba ne yarona. Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, kowane ɗaya irin mai kilo 280 yana jan wajen rabin amfiya, huɗu ka ga amfiya biyu ke nan ban da kwantirola da ridoji. Duk lokacin da aka ɗauke wuta a ofishin nan sitonsu a buɗe yake, kowa zai iya turawa ya shiga, kuma babu rikod ɗin da zai zo ko a makare domin mai rubutawar ma ta mutu. Katan ɗin tawadar da ake nema, kar ka yi mamaki in a irin wannan lokacin ya fita.

Auwalu CCTV:
Innalillahi. Wlh Baba ban kawo wannan a raina ba sam.

Musa Damagaram:
Ɗan hakin da ka raina. Batirin da bai kai kuɗin man babur na sati ba.

Hajiya Rabi IT:
Auwalu ka je ka faɗa wa ogan gaskiya da bakinka kafin ya ji a wani wuri, kuma ka wanke mai siton nan a gabansa, ka nuna masa bambancin minti taran a kan allo ya gani da idonsa. Sannan ka duba kamara a lokutan da aka ɗauke wuta a satin da kayan ya ɓata, in dai NVR na kan inbata. Gyaran netwok kuma, ka rage rabon rauta ya tsaya daga .50 zuwa .150, kwantirola da NVR da firinta kowa ka ba shi lambarsa ta dindindin a wajen wannan zangon, ka rubuta a takarda ka manna a cikin murfin akwatin saboda wanda zai zo bayanka. Ni da son samu ne ma kayan tsaro su zauna a nasu suwic ɗin daban, kar su haɗa hanya da wayoyin ma'aikata masu kallon TikTok.

Nura Kebul:
Kuma ka raba wutar makullai da ta kwantirola in da hali, kowa da nasa. Ko ba komai dai ka ga a ƙarshe zancen ya dawo kan waya 😎

Ɗan Sabongari:
Batir 7Ah sabo dal yana nan, na ajiye maka biyu. Wannan karon ba wasa nake ba.

Auwalu CCTV:
Na gode ƙwarai Baba, Hajiya, Oga Nura, Malam Musa, Allah ya bar zumunci. Na canza batir, na mayar da akwatin kan layin inbata, na gyara lambobin, agogon NVR da na kwantirola yanzu bambancinsu bai kai daƙiƙa biyu ba. Na kashe babban layi da gangan sau uku ina tsaye, ƙofofi ba su saki ba, suna kuma yana fitowa kafin mutum ya gama tura ƙofa. Ogan na faɗa masa komai har zancen tsohon batirin, ya yi faɗa sosai, ya ce zai cire kuɗin tawadar daga cikin ragowata, sauran kuma sai ya ga sati biyu babu matsala. Mai sito dai ya riƙe hannuna ya daɗe yana addu'a. Kamarar ranar muna kan dubawa, akwai wajen minti arba'in da wuta ba ta nan da safe, kuma mutum uku ne suka bi ta wannan lungun.

Nura Kebul:
Hajiya turo lambar ta inbox, na ɗari biyar zan saka kar ki sa rai da yawa.

Musa Damagaram:
Tunda ana maganar, ni ma ina da wata kwantirola ta Hikvision mai ƙofa biyu da manhajar iVMS-4200 ke nuna ta a kan layi amma rikod ɗin jiya kaɗai take ba ni, na yau sai gobe. Hajiya in kin huta ki duba mini, zan turo hoton allon bayan sallar isha'i.